Dandalin Makaɗa: Mai koyon jitar bes, kunnensa ne malaminsa

Tun zamanin fim ɗin Sangaya, fiyano ke yi wa waƙoƙin finafinanmu komai: ganga, sarewa, har da amon nan mai kauri da ake kira bes. Shi ya sa matashin Malumfashi da ya mallaki jitar bes zai sha yawo kafin ya samu malami. To, kunnensa ya ishe shi farawa.

Tsirkiya huɗu gare ta: E, A, D, G. Sai ya ɗauki waƙar fim guda, ya rage mata gudu, ya riƙa bin ganga, ba muryar mawaƙi ba. In an zo ɗauka a ɗaki, makirufon waya ba ya kama bes sosai. Gara ya jona jitar da kwamfuta ta 'yar na'urar sauti, ya ɗauka da Audacity, wadda kyauta ce.

Amma fa waƙar tana da mai ita. A faɗi sunansa, kuma kar a sayar. Kwaikwayo makaranta ce kawai. Marigayi Bala Miller, da ya rasu a 2003, da waƙoƙinsa na kansa ake tuna shi har gobe.