Wanda Ya Kalli Fim Bai Karanta Littafi Ba

Yau faɗa na zo yi, kuma da mutane kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗansu daga cikin iyayenmu da suka ji cewa zauren karatunmu ya zaɓi littafin zane, suka ce mun koma wasan yara. Kashi na biyu ku ne, ku da kuke zuwa zaure ranar Asabar ba ku ko buɗe littafin ba, kun kalli fim ɗinsa a waya daren Juma'a, ga shi kuma kun fi kowa ɗaga murya.

Bari in fara da iyayenmu, cikin ladabi. Wani dattijo ya tare ni, ya ce, “Fasto, yanzu hotuna kuke koya wa yaran nan kallo?” Baba, da ka buɗe littafin da ba ka faɗi haka ba. Akwai littafin zane mai suna Maus, na Art Spiegelman ɗan Amurka. Labarin mahaifinsa ne, Bayahude daga Poland wanda ya tsira daga sansanin Auschwitz a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa kuma kyanwoyi. Kashi na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, kuma a 1992 aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer. Wannan ne wasan yara?

Ga wani kuma. A 1957 wata ƙungiya mai suna Fellowship of Reconciliation ta buga ɗan littafin zane mai shafi 16 a kan Fasto Martin Luther King da yadda baƙar fatar garin Montgomery suka ƙaurace wa motocin bas saboda wariyar launin fata. Littafin ya zaga majami'u da makarantu, yana koya wa matasa yadda za su tsaya wa gaskiya ba tare da sun rama dūka ba. Ɗaya daga cikin matasan da suka karanta shi shi ne John Lewis, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar dokokin Amurka. Da ya tsufa, shi ma da zane ya ba da labarin rayuwarsa a littattafai uku masu suna March, tsakanin 2013 da 2016. Saboda haka, Baba, zane bai rage wa magana nauyi. Abin dubawa shi ne abin da aka zana.

To, yanzu ni da ku ne, matasa, kuma a nan zan daɗe.

Littafin da muka zaɓa shi ne Persepolis na Marjane Satrapi, 'yar ƙasar Iran. Ta rubuta shi da Faransanci, ya fito kashi huɗu tsakanin 2000 da 2003. Labarin ƙuruciyarta ne a birnin Tehran lokacin juyin juya halin 1979 da yaƙin Iran da Iraƙi, da zamanta a Ostiriya, da komowarta gida. A 2007 aka mai da shi fim, har ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Fim ne mai kyau, ban musa ba.

A zamanmu na ƙarshe wani ɗan'uwa ya yi minti goma yana sharhi. Da ya gama sai na ce, “Ɗana, me ka gani game da Mehri?” Ya yi shiru. Ya dubi na kusa da shi. Bai san ta ba, domin labarinta ba ya cikin fim ɗin.

Mehri 'yar aikin gidan su Marjane ce. Tana da shekara takwas aka kawo ta daga gidan iyayenta matalauta. Da ta zama budurwa sai ta kamu da son ɗan maƙwabta. Ba ta iya rubutu ba, saboda haka ƙaramar Marjane ce take rubuta mata wasiƙu. Mahaifin Marjane mutum ne mai ilimi, mai ƙin zaluncin sarkin Iran. Amma da ya ji labari, da ƙafarsa ya tafi wurin saurayin, ya gaya masa cewa yarinyar nan ba 'yarsa ba ce, 'yar aiki ce. Saurayin ya tattara wasiƙun ya miƙa masa, soyayya ta ƙare a nan.

Ku gaya mini, a cikin littafin nan duka akwai babin da ya fi wannan taɓa mu? Gida nawa ne a unguwarmu ba su da yarinyar da aka kawo daga ƙauye? Tana cin abinci tare da 'ya'yan gida, ko sai sun gama? Tana zuwa makaranta? In ɗan gidan masu hali ya ce yana sonta, wa zai fara tashi ya hana? Mutum yana iya zagin azzalumai a gwamnati da safe, da yamma ya danne wadda take wanke masa kwano. Wannan ce maganar da ta kamata mu kwana a kanta ranar nan, amma rabin zauren ba su san da ita ba.

Kada ku ce laifin masu fim ne. Satrapi da kanta ta shirya fim ɗin, ita da Vincent Paronnaud. Littafin ya wuce shafi 300, fim ɗin kuwa bai kai awa biyu ba. Dole a yanke. Idan mai littafi da hannunta sai da ta zubar da waɗansu babi, me kuke tsammani idan baƙo ne ya sayi labarin don neman kuɗi? Art Spiegelman ya san haka: an sha neman ya yarda a mai da Maus fim, ya ƙi.

Na san amsarku. Za ku ce gani ya kori ji, kuma tun da littafin ma hotuna ne, ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A littafin zane, tsakanin hoto da hoto akwai ɗan farin fili. A hoton farko an ɗaga hannu, a na biyu yarinya tana riƙe da kunci. Ba a zana marin ba, kai ne ka cika shi a zuciyarka. Kai ne mai iko da lokaci: kana iya tsayawa a kan fuska ɗaya minti biyar, ka koma baya, ka ajiye littafin ka yi tunani. Fim kuwa ba ya jiran kowa. An zaɓa maka murya, an zaɓa maka gudu, an sa maka kiɗa don ka san lokacin kuka. Abinci ne da wani ya tauna maka. Zai cika ciki, amma haƙoranka ba za su yi ƙarfi ba.

Abin da yake damuna ke nan. Ba Persepolis kaɗai nake karewa ba. Matashin da ya saba a tauna masa labari, gobe za a tauna masa tarihin ƙasarsa a bidiyon minti biyu, a tauna masa wanda zai zaɓa da wanda zai ƙi, ya haɗiye. Kuma tsayawa a gaban 'yan'uwa kana sharhin littafin da ba ka karanta ba, sunansa ƙarya, ko da ka yi ta da Turanci mai daɗi.

Abu ɗaya zan ba iyayenmu gaskiya a kai: ba kowane littafin zane ne ya dace da kowane yaro ba. A Maus akwai kisa da gawawwaki, a Persepolis akwai azabtarwa a kurkuku da shaye-shaye. Shugaban zaure ya fara karantawa, ya san shekarun waɗanda zai miƙa wa.

Ga shawarata ga kwamitin zaure. Littafi tukuna, fim daga baya. Kofi biyu muke da su, to, kowa ya riƙe kwana uku ya miƙa wa na gaba. Idan kowa ya gama, mu haɗa kuɗin man janareta mu kalli fim ɗin tare. Sa'an nan mu yi tambayoyi uku: me aka cire, me aka ƙara, kuma muryar wa ta ɓace saboda cirewar? Wanda bai samu karantawa ba ya zo, ƙofa a buɗe take, amma ya faɗi gaskiya ya zauna ya saurara. Babu kunya a cikin wannan.

Ranar Asabar za mu koma kan babin Mehri. Kafin ka zo, ka dubi wadda take share tsakar gidanku, ka tambayi kanka ko ka san sunan ƙauyensu. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.