LAFIYA UWAR JIKI: Yaro mai tiyo a maƙogwaro

Akwai ciwon da ke toshe wa yaro hanyar lumfashi. In abin ya tsananta, lokotoro yakan huda gaban wuya, ya sa ɗan tiyo cikin maƙogwaro don iska ta samu hanya. A babbar likita ake wannan aiki, kamar ta Yamai ko ta Damagaram. Wani yaro yakan koma gida da tiyon, ya yi watanni da shi. Daga ranar nan ransa yana hannun mutanen gida.

Saboda haka ba a sallamar yaro sai mutum 2 sun koyi aikin da hannunsu gaban ma'aikatan likita. Uwa kaɗai ba ta isa ba. Tana zuwa rijiya, tana barci, kuma ita ma ciwo yakan kama ta. Yaron nan kuwa kukansa ba ya fita sosai, ba ya iya kiran kowa.

Babban hatsari shi ne toshewar tiyo. Hanci ne ke tace iska, ya jiƙa ta. Tunda iska ta daina bi ta hanci, majina takan yi kauri ta bushe, balle lokacin hunturu. Sai a riƙa ba yaro ruwa da yawa, a rufe bakin tiyo da ƙyalle marar kauri, a nisanta shi da ƙura da hayaƙin murhu. Wajen wanka, kada ruwa ya shiga ramin.

Kafin a taɓa tiyo, a wanke hannu da sabulu. In an ji majina tana ƙara, a zuƙe ta da abin zuƙa, kowace zuƙa kamar ƙirga 1 zuwa 5. Inda babu lantarki, akwai wanda ake takawa da ƙafa. Igiyar wuya kuma a ɗaure ta yadda yatsa guda kawai zai shiga.

In yaro ya shiga haki, haƙarƙarinsa suna faɗawa, leɓɓansa sun yi toka-toka, a zuƙe nan take. In bai buɗe ba, a cire tiyon, a sa sabo, sannan a nufi likita. Don haka tiyo 2 na ajiya, ɗaya daidai da nasa, ɗaya ƙarami, su bi yaro ko gona za a je da shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ma ya zo ya koya.