Majigin Japan Da Ake Ta Yabo, Ko Ya Ci Yabonsa?

A filina na wannan mako ina so in auna wani majigi na zane wanda samarinmu na Sabon Birni da Isa ke tura wa juna a waya, suna cewa wai ba a taɓa yin labarin soyayya irinsa ba. Sunansa Kimi no Na wa, watau "Sunanka". Wani mutumin Japan, Makoto Shinkai, ya fito da shi cikin 2016, ya kuwa tara fiye da dala miliyan 350 a duniya. To, amma cikar kasuwa ba ita ce kyaun haja ba.

Ga labarin a taƙaice. Taki ɗan makaranta ne a birnin Tokyo, Mitsuha kuwa budurwa ce a Itomori, wani ƙauye na bakin tafki. Sai ya zamana in sun farka barci, kowa ya ga kansa cikin jikin ɗayan. Wannan ba zai ba Bagobiri mamaki ba, shi da ya tashi yana jin labarin Inna da 'yan bori. Can daga baya Taki ya gane shekara 3 ke tsakanin zamaninsu, tauraruwa mai wutsiya ta riga ta faɗo ta hallaka mutum wajen 500 a ƙauyen, har da yarinyar.

Wajen zane babu abin kushewa. Gajimare da hasken almuru, sai ka ce ka miƙa hannu ka taɓa.

Soyayyar ce ba ta cika mudu ba. Mu a nan mun san so da zance yake tsiro, yau da gobe. Su kuwa waɗannan ba su yi magana ido da ido, suna sane da juna, sai ɗan lokaci guda a kan dutse. Mun ga hawayensu, ba mu ga sa'ad da son ya kama su ba. Haka kuma ba a nuna mana yadda Mitsuha ta shawo kan ubanta, shugaban garin, har ya kwashe jama'a ba, alhali nan ne ƙullin labarin. Akwai kuma wani wasan rashin kunya da ake maimaitawa, iyaye su lura.

Inda majigin ya yi nauyi shi ne wurin da Taki ya buɗe littafin sunayen matattu, yana bi ɗaya ɗaya, da yadda sunan yarinyar ke kuɓuce masa. Shinkai ya ce girgizar ƙasar da ta auka wa Japan cikin 2011 ta shiga cikin tunaninsa. Jama'a, mu ma mun san garin da ya tashi. Ga kufan Alƙalawa nan kusa da mu tun 1808, ga kuma ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mutanensu suka ƙetara jihar Maraɗi tun 2019. Ina littafin sunayen namu?

Saboda haka hukuncina, lalle majigin ya cancanci yabo, sai dai masu yabon sun aza shi inda bai kamata ba. Malamai da akawuna, alƙalami na hannunku. Kowa ya rubuta sunayen mutanen ƙauyensu tun masu tunawa na da rai. Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Sabon Birni.