InterCity 125: Tsohon jirgin Birtaniya da ya samu sabon aiki a Legas

A shekarar 1976 ne jirgin ƙasa na InterCity 125 ya fara jigilar fasinjoji daga tashar Paddington da ke Landan zuwa Bristol. A lokacin yawancin layukan dogo na Birtaniya ba su da lantarki, shi ya sa aka ƙera shi da injin dizal biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana gudun kilomita 200 cikin awa. A 1987 ya kai kilomita 238, gudun da ya kafa tarihi a tsakanin jiragen dizal.

Yanzu da jiragen Hitachi suka maye gurbinsa a manyan layukan ƙasar, an sayar da wasu zuwa Meziko, wasu kuma Legas domin layin Red Line.

Sai dai tsakanin Agbado da Oyingbo tashoshin kusa suke da juna, don haka gudu ba shi ne abin dubawa ba. Jirgin da ya haura shekara 40 kayan gyara da ƙwararrun makanikai yake buƙata. Idan babu su, arahar da aka gani wajen saye za ta koma tsada, kuma fasinja ne zai ji a jikinsa.