A Fara Da Takarda Kafin A Naɗa Shugaba

Tun da aka fara raɗe-raɗin cewa waɗansu dattawa da samari a nan Rijiyar Zaki ta Kano suna nufin kafa ƙungiyar masu begen shirye-shiryen talabijin na da, wadda za ta tattara jadawalin abin da gidajenmu suka riƙa nunawa kowace rana tun daga farkon al'amari, na yi murna matuƙa, har na ƙudura niyyar ba da abin da Allah Ya hore mini na taimako; amma da aka yi zaman farko a makon nan, aka kwashe tun daga bayan La'asar har aka kira Magariba ana jayayya a kan wanda zai zama shugaba, da wanda zai riƙe kuɗi, da babban mutumin da za a je a roƙa ya zama uban ƙungiya, alhali kuwa ba a sami ko mutum guda da ya zo da yankin tsohuwar jarida a aljihunsa ba, sai na taso da ɓacin rai. Har maganar buga kalanda mai hotunan shugabanni an taɓo.

Asalin abin da ya haifi shawarar kuwa musu ne da ya daɗe yana tashi a majalisarmu, wato a wace rana ake nuna wasan kwaikwayon Samanja. Wani dattijo ya rantse ranar Lahadi ce, domin yana tuna washegari da sassafe yakan tafi aiki. Wani ya ce atafau Alhamis ce, don ba ya manta daren da ba su zuwa makarantar allo. Kowannensu mutum ne adili wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kuma mai yiwuwa ne dukansu suna kan gaskiya, gama gidajen talabijin sukan sauya jadawali daga zango zuwa zango, kuma abin da Kaduna ta nuna yau ba lalle ne Kano ta nuna shi a wannan dare ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ne Samanja Mazan Fama ɗin da kansa, ya riga mu gidan gaskiya a watan Nuwamba na 2023, Allah Ya jiƙansa. Abokin sana'arsa Kasimu Yero ya riga shi tun 2017. Waɗanda za a tambaya su raba gardama suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna nan muna rabon muƙamai.

Yaran yanzu, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da Arewa24 tana aiki dare da rana tun 2014, da waya a hannu mai nuna musu abin da suke so a sa'ar da suka so, ba za su gane darajar jadawali ba sai an yi musu sharhi. A zamanin da nake magana, lokacin da wannan unguwa take gonakin gero da dawa da gyaɗa, gidaje jefi-jefi tsakanin kukoki da ɗorawa, mai tafiya Kabuga kuwa sai ya ce zai shiga gari, akwatin talabijin ba ya magana sai da yamma. Kafin a buɗe tasha babu abin da ake gani illa zane-zane a kan gilashi, da ƙara siririya. Sa'an nan a yi taken ƙasa, a yi karatun Alƙur'ani, mai gabatarwa ya fito ya karanto abin da za a gani har zuwa rufewa. A gidan da ke da akwati, wanda sau da yawa da batirin mota ake kunna shi, yara sukan cika tsakar gida a kan tabarmi, mata daga bakin ƙofar ɗaki, maigida a kan kujerarsa. Idan lokacin salla ya yi a tashi, idan ƙarfe tara ta buga aka haɗa da Legas domin labaran ƙasa, yara su san an sallame su. Saboda haka wanda ya riƙe jadawalin shekara guda ta wancan zamani, haƙiƙa ya riƙe bayanin yadda jama'a suka raba darensu tsakanin ibada da tuwo da hira da barci, da harshen da hukuma ta zaɓa ta yi musu magana da shi, da yawan sa'o'in da aka ba Hausa da waɗanda aka ba Turanci da finafinan Indiya. Wannan tarihi ne sahihi, ko da yake ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba ne.

Tarihin kuma ba gajere ba ne. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan a 1959. Gwamnatin Sardauna ta buɗe na Arewa a Kaduna a 1962. A 1977 aka haɗe gidajen da ke akwai a ƙarƙashin NTA. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa wa Kano nata, CTV, wanda yau ake kira ARTV don tunawa da shi. Daga 1992, da aka yi dokar da ta halatta wa 'yan kasuwa buɗe tashoshi, sai al'amarin ya canja kama. Tsakanin 1962 da 1992 shekara talatin ke nan cur, a cikinsu aka ga Samanja, da Karkuzu, da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da aka mayar wasan kwaikwayo, da Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos domin jan hankalin mutane zuwa noma. Masu shirya finafinan bidiyo na Hausa na farko, waɗanda suka fito da Turmin Danya a 1990, da kallon irin waɗannan wasanni suka tashi.

To, ga wani labari da nake so masu neman shugabancin nan su saurara da kunnen basira. A shekarun 1960 da 1970 gidan BBC na Ingila yakan shafe faya-fayan shirye-shiryensa ya ɗora sababbi a kai, saboda tsadar faifai da ƙarancin wurin ajiya, har daga baya suka waiwaya suka tarar sun hallaka abu mai yawa da hannunsu, ciki har da kashi-kashi na wani wasansu mai suna Doctor Who. Wani Bature, Philip Morris, ya ɗauki nauyin nema. Ya bi tsofaffin takardun da suka nuna ƙasashen da aka aika wa faya-fayan a da, yana bi tasha-tasha, har Allah Ya kai shi wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos, inda ya tarar da kashi tara da aka daɗe da fid da rai da su. A watan Oktoba na 2013 aka yi shelar samunsu, Ingila ta ɗauka da murna. A ƙasarmu aka tsinci kayan Turawa, kuma takarda ce ta yi wa mai nema jagora. Shekara guda bayan haka BBC ɗin ta saka jadawalin mujallar Radio Times a intanet, tun daga 1923 har 2009, yadda kowane tsoho a can zai iya duba abin da aka watsa a daren da aka haife shi. Mu a nan ranar Samanja ta gagare mu.

Na ji wani malami a wurin zaman yana cewa wannan duk lagawu ne da ɓata lokaci. Ina girmama shi, amma malaman da suka rubuta tarihin garuruwa da sunayen kasuwanni da farashin hatsi a shekarun fari ba su ɗauki adana labari lagawu ba.

Hasali ma daga wurin malaman ya kamata a ari hanyar aikin. Duk wanda ya kawo riwaya cewa shiri kaza ranar kaza ake yinsa, a rubuta sunansa, da shekarar da yake nufi, da tashar da ya kalla, da ko ganau ne ko jiyau. Idan mutane da yawa waɗanda ba su haɗa baki ba suka dace a kan magana guda, a ƙarfafa ta. Idan kuwa aka sami nassi a rubuce cikin jaridar ranar, to, an gama magana. Jaridun wancan zamani sukan buga jadawalin rediyo da talabijin a shafukansu na ciki. A aiki samari biyu masu haƙuri su je Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke can, su nemi mujalladan New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A nan Kano kuma a leƙa Gidan Ɗan Hausa, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero da ke nan kusa da mu, a tambayi tsofaffin Triumph da Albishir. Wayar da ke hannun kowa ta isa ɗaukar hoton shafi. Tsofaffin ma'aikatan tashoshin, masu ɗaukar hoto da masu gabatarwa, waɗansunsu suna raye a cikin birnin nan, kuma babu mamaki akwai mai takardun aikinsa a ƙasan adaka.

Sai dai na san halinmu da takarda, kuma na sha faɗa a rubuce-rubucena har masu karatu sun gaji da ni. Mu ne maigida zai rasu ya bar ɗaki cike da jaridu da wasiƙu na shekara arba'in, kafin a yi sadakar bakwai magada sun auna su a sikeli sun sayar wa mai tsire da mai ƙosai, don ɗakin ake so a ba ɗan haya. Mu ne muka yanka gonakin kakanninmu filoti-filoti ba tare da wani ya zauna ya rubuta sunan gona ko na mai ita ba. Irin wannan sakaci ba talauci ke kawo shi ba, raini ne, kuma mutanen da suka raina abin da ya wuce jiya-jiya ba su da bakin kukan cewa wasu sun rubuta musu tarihi a karkace.

An sa zama na biyu ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar. Roƙona ga duk mai niyyar zuwa, babba da yaro, shi ne ya bincika ɗakinsa da na mahaifinsa tukuna, ya zo da abin da ya samu, ko da rabin shafi ne da gara ta ci gefensa. Wanda ya fi kowa kawo takarda, shi za ni goyi baya a ba shugabancin.