Ina Fuskokinsu?

Jama'a, mu marubuta mun cika raina mai zane. Da an ambaci yaron nan da ke zana fuskokin mutane a bangon shago a Bichi ko Ɗambatta, sai mu taɓe baki, wai ai mai fentin mota ne. To, bari mu tambayi kanmu.

A 1903 Turawa suka ci Kano. Mun riƙe sunan Waziri Ahmadu da ya yi shahada a Kwatarkwashi, amma manoman da suka ajiye fartanya suka bi shi, wa ya san kamanninsu? Lugga kuwa zanen fuskarsa na nan ajiye a Landan, har da gashin-bakinsa.

Mutanen Sanagal ba su yi wannan sakaci ba. Hoton da aka ɗauki Shehu Ahmadu Bamba wajen 1913, yana tsare a hannun Faransawa, shi masu zanensu suka yi ta maimaitawa a gilashi da bango da jikin mota, don a san mulkin mallaka ya wuce ya bar shi.

Mu fa? A ƙauyukan Kunci, Tsanyawa da Makoɗa, gidan da ya gaji hoton sojan da ya dawo da rai daga yaƙin Bama, a adaka yake ɓoye shi, gara na ci. Batun halacci mun bar wa malamai, ko da yake masu ƙyamar nan ba su rasa kalandar ɗan siyasa a ɗaki. Kafin fuskar kaka ta goge, a kai wa yaron nan ya zana, kuma a biya shi ladan aiki, ba kuɗin goro ba.