Ƙananan Labaran Ƙasar Dutse: A Tattara Su, Amma A Tace Su

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu ɗaliban Hausa, watau raina ɗan ƙaramin labari. In an ce tarihi, sai hankalinmu ya tafi ga yaƙe-yaƙe da jerin sarakuna. In kuwa wani dattijo ya ce zai faɗa mana dalilin da ya sa ake kiran wuri kaza da suna kaza, sai mu yi murmushi mu ce ai wannan hira ce ta gindin bishiya. Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma zan kafa hujja da ƙasar Dutse.

Mu fara da abin da ke gaban kowa. Ran 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko sabuwar jiha daga Kano, aka sa mata suna Jigawa. To, mece ce jigawa? Ƙasa ce mai rairayi, wadda ƙafa ke nutsewa a cikinta. Sai kuma aka ɗauko babban birninta aka kai garin da sunansa Dutse. Jiha ta rairayi, fadarta ta dutse! Wanda ya taɓa bin hanyar ya san sunayen biyu duk ba su yi ƙarya ba, domin Bahaushe yakan raɗa wa wuri suna ne da abin da idonsa ya gani.

Amma cikakken sunan garin Dutse Gadawur ne, kuma a nan ne zance ya yi daɗi. Ruwayar baka ta ce wani maharbi mai suna Duna Magu, wanda aka ce Babarbare ne, shi ya fara sauka a wurin, ya iske gada ta yi yawa a tsakanin duwatsun, daga nan sunan ya samo asali. Labarin yana da daɗin ji. Sai dai ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya ya yi tambaya. In "gada" ita ce dabbar nan da muka sani, mene ne "wur"? Kuma me ya sa garuruwa da yawa a ƙasar Hausa suke jingina kafuwarsu ga maharbi? Anya ba wani ƙwaryar labari ba ne guda ɗaya da kowane gari yake zuba nasa sunan a ciki? Duk da haka ba na cewa a yar da shi. Sunan maharbin ya yi kama da Dunama, sunan da sarakunan Barno da dama suka ɗauka, kuma Dutse tana gabas da Kano, ta fuskar Barno. Ko da maharbin bai taɓa rayuwa ba, labarin ya adana tunawa da cuɗanyar mutanen wurin da Barebari.

Abin mamaki shi ne littafin Tarihin Kano da kansa, wanda muke girmamawa, cike yake da irin waɗannan guntattakin labarai. A cikinsa ne muka ji cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Zancen aure ne kurum, amma shi ne shaidarmu cewa tun ƙarni na 15 Dutse tana da sarkin da ya isa a nemi surukuta da shi. Haka kuma littafin ya kawo yadda Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) ya yaƙi Dutse a zamanin Makuri, har ya kusa cin garin, sai mutanensa suka hana shi shiga, suka ce masa ai ya riga ya yi nasara, ya koma gida. Ya kai mai karatu, duba wannan da kyau. Wace irin nasara ce ake juyawa daga bakin ganuwa? Marubucin mutumin Kano ne, ba zai ce an kasa ba. Ga alama ladabin fada ne ya lulluɓe maganar, kuma sai mai lura da ƙananan abubuwa zai gano.

Daga Dutse mu gangara Birnin Kudu, inda duwatsu suke ɗauke da nasu labarin. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin dutse. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a 1956 kan duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda ake samu a wannan yanki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shanun da aka zana ba su da tozo. Shanun da muke gani yau a rugagen Fulani kuwa masu tozo ne. Ke nan wanda ya yi zanen wasu shanu dabam ya sani, kuma ya bar mana shaidar da babu ita a kowane kundi.

Yau Dutse ta cika ta batse. Ga ma'aikatun gwamnati, ga Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011, ga baƙi daga ko'ina. Yaron da aka haifa a sabuwar unguwa yana iya girma bai taɓa shiga Garu ba, tsohon garin da fadar Sarki take, balle ya ji sunan Ada. Dattawan da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu kuwa kullum raguwa suke yi.

Shawarata ga malamanmu ita ce, a riƙa tura masu rubuta kundin digiri su ɗauko irin waɗannan ruwayoyi unguwa-unguwa, a rubuta su yadda aka faɗe su, da karin harshen mai faɗa. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, in dattijo biyu suka saɓa a kan ma'anar Gadawur, kada a zaɓi wanda ya fi daɗi a jefar da ɗayan. A rubuta duka biyun, a faɗi unguwar kowannensu da shekarar da aka ji shi.